Mota Mai Shan Ruwa: Mafarki, Yaudara da Abin da Zai Iya Kai Mu Kasuwar Sara

Ranar kasuwar Sara, tun kafin rana ta ɗaga hanyoyin da suka shigo garin daga Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan bakin iyakar Bauchi suke cika. A-kori-kura ta danne da buhunan dawa da masara har bayanta na neman taɓa ƙasa. Babur ya ɗauko mutum biyu da akuya a tsakiya. Manyan motoci sun jera suna jiran lodin hatsi. A gefen titi ga 'yan bumburutu da galan-galan da kwalabe da mazurari, ɗan acaɓa ya tsaya a zuba masa rabin kwalba, yana leƙen tanki kamar mai auna magani. Babu buhun da zai shiga kasuwar nan ko ya fita ba a ɗora masa kuɗin mai ba. Manomi ya biya a injin ban-ruwa, ya biya a injin casa, ya biya a mota, mai saye kuma ya haɗa duka ya biya a farashin kwano.

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabin rantsuwarsa, farashin gwamnati bai kai naira 200 kan kowace lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, a watan Yuli ya wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuwa ya tsallake naira dubu. A wannan watan ne, daren 15 ga Oktoba, tankar mai ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura a nan Jigawa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 aka binne a kwanakin farko, adadin kuma ya ci gaba da hawa. Allah Ya ji ƙansu. Wannan shi ne matsayin da fetur ya kai a rayuwar talaka.

A irin wannan hali ne wani bidiyo yake yawo a wayoyi, daga rumfar mai shayi zuwa garejin makanikai. Kwalba ce cike da ruwa, an tsoma faifan ƙarfe biyu a ciki, an jona su da batir. Ruwan ya fara kumfa, an ja siririn tiyo daga bakin kwalbar zuwa inji, an murɗa makulli, mota ta tashi. Maganar da ke biyo baya kusan ɗaya ce ko'ina: ai an daɗe da gano motar ruwa, masu sayar da mai ne ba za su bari ta fito ba.

Bai kamata a yi wa mai wannan magana dariya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Tambayarsa tana da tushe, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya kafin wani ya karɓe masa ɗan abin da ya rage a aljihu.

Ruwa toka ne

Duk matar da ta taɓa hura wuta ta san ba a girki da toka. Itace ne ke ci, ya ba da zafi, abin da ya rage a murhu ya gama ba da nasa. Ko ta wuni tana fifita, toka ba za ta kama ba.

Ruwa ma haka yake a idon masana sinadarai. Iska biyu ne suka haɗu suka yi shi: haidurojin, wadda ke kama wuta fiye da fetur, da oksijin, wadda muke shaƙa kuma wuta ba ta ci sai da ita. Idan haidurojin ta ƙone, zafi ya fita, abin da ke saura shi ne ruwa. Ma'ana ruwan rijiya da na rafi da na sama duk haidurojin ce da ta riga ta ƙone tun tuni. Shi ya sa da shi ake kashe gobara. Wanda yake son gani da idonsa ya tsaya bayan mota da sanyin safiyar hunturu: ɗigon ruwan da ke fita daga salansa tokar haidurojin ɗin da ke cikin fetur ne.

To kumfar da ke cikin kwalbar fa? Gaskiya ce. Idan aka sa wa ruwa lantarki yakan rabu gida biyu, ya koma haidurojin da oksijin. Wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, sun nuna haka tun 1800, kuma har yau ana yin gwajin a ɗakunan kimiyya na makarantun sakandare. Matsalar tana wajen lissafi. Kafin a fitar da kilo ɗaya na haidurojin daga lita tara ta ruwa, injunan zamani mafi kyau suna cinye wutar lantarki kimanin yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin da ake saye a mita. Idan aka ƙona wannan kilon, ƙarfin da zai dawo yunit 33 ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, a nan kuwa na cikin ya fi abin da guga ke fitowa da shi.

A cikin mota asarar ta fi haka muni. Lantarkin da ke raba ruwan daga batir yake, batir daga dinamo yake samun caji, dinamo kuma inji ne ke juya shi da fetur. A ce an zuba man naira ɗari. Inji yana mayar da kamar talatin ne kawai zuwa motsi, sauran ya tafi a zafi ta lagireto da salansa. Dinamo ya cinye kusan rabin talatin ɗin. Kwalbar ruwa ta ci nata kaso. Iskar da ta fito ta koma cikin inji, inji ya sake zubar da kashi biyu cikin uku. Abin da zai isa taya a ƙarshe bai kai na naira biyar ba. Kamar mutum ne ya tura ruwa saman tanki da famfo, ya sa ruwan da ke gangarowa ya juya famfon, yana fatan har ya samu rara ya haska gida.

Motar da ta tashi a bidiyo kuwa, ɗayan uku ne: ko akwai fetur a cikinta, ko batir ne ake tatsa har ya mutu bayan an kashe kyamara, ko an ɓoye wani makamashi da ba a nuna ba. Direbobin da suka rantse cewa mai ya ragu bayan an ɗaura musu kwalbar ba lallai ƙarya suke yi ba. Sau da yawa wanda ya ɗaura ya rage man da kafireto ke ba inji, direba kuma ya sassauta ƙafa saboda yana sa ido a kan tanki. Inji mai yunwar mai yana ɗaukar zafi, kuma abin da aka tara a gidan mai yakan ƙare a wajen makaniki.

Darasin mai walda

Akwai wurin da za ka ga kamar ruwa ne ke ci da wuta, kuma ba sai ka bar garinku ba. Je wajen masu gyaran bodin mota. Za ka ga tukunyar ƙarfe mai murfi da tiyo. Mai walda zai fasa wani dutse mai ruwan toka da wari mai hawa kai, wanda ake kira kabaid, ya jefa a ciki, ya zuba ruwa, ya ɗaure murfi. Nan take tukunyar ta fara ƙugi tana ɗaukar zafi. Ya buɗe bakin tocin, ya ƙyasta ashana, harshen wuta ya fito, ya ƙara masa oksijin daga doguwar tukunya har ya koma shuɗi, ya narka ƙarfe kamar man shanu.

Yaron da ke kallo zai iya rantsuwa ruwa ne ya kama. Amma tambayi mai waldar me yake saye da kuɗinsa: kabaid. In ya ƙare, ko ya cika tukunyar da ruwa har baki, babu wuta. Shi kabaid ɗin a masana'anta ake dafa farar ƙasa da gawayin kwal a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000 kafin a same shi. Ƙarfin yana cikin dutsen, ruwa mabuɗi ne kawai. Wasu daga cikin motocin ruwan da aka nuna wa duniya haka suke: an ɓoye wani sinadari da ke fitar da iska idan ruwa ya taɓa shi, in ya ƙare mota ta tsaya.

Kakanninmu sun ga irin wannan a jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911. Yana tsayawa tasha-tasha yana shan ruwa, yana fitar da tururi, amma akwai mai aikin zuba masa kwal a wuta ba dare ba rana. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana ba da lantarki da ruwa, amma faɗowarsa daga sama ce ke juya injuna, kuma zafin rana ne ya ɗaga shi ya zama girgije tun farko. A ko'ina ruwa ɗan aike ne, ba shi ne mai dukiyar ba.

Waɗanda suka yi iƙirari

Sunan da ya fi yawo a waɗannan bidiyoyi shi ne Stanley Meyer, mutumin jihar Ohio a Amurka. Ya ce ƙaramar motarsa za ta iya tashi daga Los Angeles zuwa New York da galan 22 na ruwa. Mutum biyu da suka zuba kuɗi a harkar suka kai shi kotu. A 1996 kotu ta sa masana su duba na'urarsa, suka ce raba ruwa da lantarki ne irin wanda kowa ya sani. Kotu ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya mutu a 1998 a wani gidan cin abinci. Magoya bayansa suka ce guba aka sa masa, likitan da ya binciki gawar ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa.

A ƙasar Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru kusan arba'in yana cewa yana da motar ruwa, har kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a 2008 kan damfarar wani kamfani da ya ba shi kuɗin bincike. A Pakistan a 2012, lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin mai da wuta, wani mai suna Agha Waqar Ahmad ya fito da tasa na'urar. Gidajen talabijin suka yi ta yayata shi, ministoci suka yaba, malamin kimiyya Pervez Hoodbhoy da wasu takwarorinsa suka tsaya kai da fata cewa abin ba zai yiwu ba. Har yau babu motar ruwa a titin Karachi. Abin lura shi ne lokacin da irin waɗannan labarai suke tashe: duk sa'ad da mai ya yi tsada.

Batun cewa manyan kamfanoni ne suka danne sirrin, a auna shi da hankali. Takardun mallakar fasahar Meyer suna nan a intanet, wa'adinsu ya ƙare, kowa na iya ƙerawa ba tare da biyan ko kwabo ba. Ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa sayen ɗanyen mai daga waje, fiye da ganga miliyan goma a kullum. Japan da Indiya su ma da kuɗinsu suke shigo da mafi yawan man da suke sha. Duk suna da injiniyoyi da masana'antu da teku a bakin ƙofa. Da ruwa yana tuƙa mota, babu kamfanin da ya isa ya hana su.

Motar haidurojin ta gaskiya akwai ta. Toyota ta fitar da Mirai a 2014, kuma ruwa ne ke fita daga salansarta. Amma haidurojin ake saya a ɗura mata, wadda aka kashe gas ko lantarki aka samar a masana'anta.

Abin da ya taɓa tuƙa mota ban da fetur

Faɗuwar mafarkin ruwa ba ta nufin fetur ne kaɗai mafita. Tarihin inji cike yake da makamashin da zai ba Bahaushe mamaki.

A baje-kolin duniya na Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma Rudolf Diesel da kansa ya yi ta ambaton wannan gwaji daga baya. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi shi, tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka inda gyaɗa ke yi. Har yau man tsirrai da aka tace yana tuƙa injin dizal. Abin da ke hana mu shi ne kasuwa: kwalbar man gyaɗa ta fi kwalbar dizal tsada, kuma tukunya ta fi tanki buƙatarsa. Shi ya sa hankali ya koma kan 'ya'yan bini-da-zugu, wanda ba a ci, wanda muke shinge da shi. An yi ta ɗokinsa a Afirka da Indiya bayan 2005, sannan aka gane cewa a ƙasa marar ruwa da taki ba ya 'ya'yan da za su biya wahala. Shi ma darasi ne.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yanke a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya suka koma aiki da hayaƙin itace da gawayi. Ana ɗaura wa mota wata doguwar tukunya a baya, itace yana cin wuta a hankali cikin ƙarancin iska, hayaƙin da ya fito a tace shi a tura wa inji. Yana aiki, amma ƙarfin mota yana raguwa, hayaƙin yana kisa a ɗaki rufaffe, kuma jihar da hamada ke matsowa ba ta da itacen da za ta ba mota. Buntun shinkafa da totuwar masara da ake tarawa a ƙone banza su ne suka dace da wannan fasaha, musamman ga injin da ke zaune wuri ɗaya kamar na niƙa.

Brazil ta ɗauki hanyar rake. Bayan tashin farashin mai na 1973, ta ƙaddamar da shirin man rake a 1975, kuma tun 2003 ake sayar da motocin da ke shan fetur ko man rake ko gaurayensu. Amma motocinsu an ƙera su ne don haka. Mu mun ga abin da baƙon sinadari ke yi wa injin da ba a shirya masa ba a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: gyaɗa da rake da itace sun sha rana sun adana ƙarfinta. Suna da abin bayarwa.

Gas da rana

Abin da ya fi kusa da mu yau biyu ne. Na farko iskar gas. Tun bayan cire tallafi manoman rani da yawa a Jigawa da Kano suka sauya kafireton injin ban-ruwa da janareto zuwa mai aiki da gas ɗin girki. Ga motoci kuma gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG, wato iskar gas da ake dannawa a tukunya, a 2023. A nan akwai abin da ya wajaba kowane direba ya sani. Gas ɗin girki da CNG ba abu ɗaya ba ne. Tukunyar girki tana riƙe matsin da bai wuce ninki huɗu ko biyar na iskar tayar mota ba. CNG kuwa ana danna shi kusan ninki ɗari na iskar taya. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin ɗura CNG a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka, bincike ya nuna tukunyar haɗin mai walda ce. Araha irin wannan ba ta ado. Sannan tashoshin ɗurawa sun fi yawa a manyan birane, kuma direban da ke zirga-zirga tsakanin Sara da Gwaram sai ya lissafa nisan wurin ɗuri kafin ya sauya. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne babban abin da Arewa ta zuba wa ido a wannan fanni.

Na biyu ita ce rana, wadda ba mu da ƙarancinta. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir, daga baya ya koma ƙera nasa, suna ɗaukar fasinja a gari. Waɗannan ba sa ɓoye komai. Za su gaya maka kuɗin batir, da nisan da caji ɗaya ke kaiwa, da shekarun da zai yi kafin ya gaji. Tsadar farko ita ce cikas, amma cikas ne da bashi mai sauƙi da haɗin gwiwar ƙungiyoyin direbobi za su iya ragewa. A fadamu kuwa famfon sola ya riga ya fara korar galan.

Kafin a zaro kuɗi

Abin da ya fi damuna shi ne yaran garejinmu. Yaron da bai gama firamare ba amma yana jin ƙarar inji ya gaya maka fulogin da ya mutu, ya kwance injin babur ya mayar kafin la'asar, shi ne zai kwana yana tsoma ƙarfe a kwalba yana neman abin da babu. Basirar tana nan, hanya ce ba a nuna mata ba. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ce ta yaye Aliko Ɗangote a 1978, wanda yau yake da matatar man da aka gina don tace ganga 650,000 a rana a Legas. Yankin da ya yi wannan ba zai rasa yaran da za su iya haɗa babur mai batir ko famfon sola ba, idan Jami'ar Tarayya ta Dutse da kwalejojin kimiyya da fasaha na jihar suka buɗe ƙofa ga masu koyon sana'a, suka koya musu lissafin abin da ke shiga inji da abin da ke fita.

Wanda kuma ya zo da motar ruwa yana neman kuɗin hannun jari ko na ɗaura kwalba, kada a zage shi, kada kuma a biya shi. Gani ya kori ji. A kira makanikin da jama'a suka yarda da shi, ba wanda shi ya kawo ba. A zuƙe tanki tas, a cire tiyon fetur a gaban kowa, a leƙa ƙarƙashin kujeru da but. A ɗebo ruwa daga rijiyar gari a zuba. A auna batir, a rubuta. Sannan a loda masa buhu biyar na dawa, ya tashi daga kasuwar Sara ya je Birnin Kudu ya dawo, a sake auna batir. Fiye da shekaru ɗari ana wannan iƙirari a duniya, ba a samu wanda ya ci irin wannan jarrabawa ba.

Ruwan da ke cikin mota wurinsa lagireto, ya sanyaya inji ya kai mu gida lafiya. Sauran a bar wa gona. Gero da ridi da gyaɗar da za su sha shi a damina su ne za su dawo kasuwar Sara a buhu, kuma ranar da ta nunar da su tana nan a kanmu kullum, tana jiran wanda zai shimfiɗa mata faifai.